Entebbe a bakin Tafkin Biktoriya: wane wata za a je, kuma da wace sa'a za a hau ruwa?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi yana ɗauke da lissafin yanayi a kansa ko da bai taɓa rubuta shi ba. Bazara ta zo da zafinta, damina ta yi wata huɗu, kaka ta biyo, hunturu ya rufe gari da hazo. Idan aka ce rani, ya san za a shafe wata shida ko bakwai ba a ga ɗigon ruwa ba. Wannan lissafin ne abu na farko da ke ruɗar baƙo idan ya sauka a Entebbe, garin da babban filin jirgin saman Yuganda yake, inda ɗalibanmu masu karatu a jami'o'in ƙasar da 'yan kasuwa da masu zuwa taro suke fara taka ƙasa. A can damina biyu ake yi a shekara, ranin ma ana ruwa a cikinsa, sannan hadarin da ya fi muni ba da la'asar yake haɗuwa ba, da asuba yake zuwa.

Entebbe na zaune ne a kan zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tafkin Biktoriya, ruwa ya kewaye shi ta kusan kowane gefe, kimanin kilomita 40 kudu da Kampala. Tafkin ya haura murabba'in kilomita 68,000, wato ya ninka faɗin Jihar Kano sau uku da ɗoriya. Zurfinsa a matsakaici mita 40 ne, inda ya fi zurfi kuma wajen mita 80. Fuskar ruwan tana kan tudu, mita 1,134 sama da teku, kusan daidai da tsayin Jos. Baganda, mutanen yankin, suna kiransa Nalubaale. Ruwa mai wannan girman ba ya bin yanayin ƙasar da ke kewaye da shi, nasa yake ƙirƙira, garuruwan bakinsa su bi.

Damina biyu, kuma ɗaya ce da tamu

Garin yana kan layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, bambancin bai kai kilomita 10 ba. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa a tsakar ka a can, wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. Akwai wata ɗamarar gajimare da ta zagaye duniya, inda iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa su tashi sama, kuma ita ke bin bayan rana da ratar mako huɗu zuwa shida. Idan ta nufo arewa tana ratsa Yuganda daga Maris zuwa Mayu. Ita ce dai take ƙarasowa ƙasar Hausa ta ba mu marka a watan Agusta, a daidai lokacin da sama ta washe a Entebbe. Idan ta juya kudu kuma sai ta sake bi ta kansu daga Oktoba zuwa Disamba. Mu muna can ƙarshen tafiyarta, shi ya sa muke ganinta sau ɗaya. Su suna tsakiyar hanya, suna ganinta a tafiya da dawowa.

Baganda suna kiran babbar daminar ttoggo, ƙaramar kuma ddumbi. A ƙididdigar shekaru masu yawa Entebbe na samun ruwa milimita 1,500 zuwa 1,600 a shekara. Afrilu da Mayu su ne manya, kowannensu na kawo kimanin milimita 250. Haɗa su biyu, ka samu kusan abin da Yamai ke samu a shekara guda. Maris na biye da su, sai Nuwamba wanda shi ne ƙololuwar ƙaramar damina. Watannin da ake kira rani su ne Janairu da Fabrairu, sannan Yuli da Agusta da Satumba, amma ko a cikinsu ana samun milimita 70 zuwa 90 a wata. Ciyawa ba ta taɓa bushewa a garin. Yuni wata ne na rikiɗa: farkonsa na ɗauke da ragowar Mayu, ƙarshensa ya shiga rani. Akwai kuma wani abu da littattafan jagorar masu yawon buɗe ido kan tsallake, wato Satumba. A Kampala da cikin ƙasa ƙaramar damina kan fara tun a watan, amma a bakin tafki, a Entebbe, yawanci sai Oktoba ta yi nisa take kankama.

Zafi kuwa ba abin damuwa ba ne. Da rana digiri 25 zuwa 28, da dare 17 zuwa 19, shekara ta zagayo a haka. Da wuya ma'auni ya haura 30. Wanda ya baro Sakkwato a Afrilu zai ji kamar an saka shi a randa. Abin da ke cutar baƙo shi ne rana kanta: iska na da sanyi, jiki ba ya jin ƙuna, alhali hasken yana dukan fata da ƙarfi saboda tsayin wurin da kuma ikwaita, ruwa kuma yana mayar da shi fuska. Awa uku a buɗaɗɗen kwale-kwale ba hula sun isa su sa ciwon kai da ɗayewar fata, ko ga mai baƙar fata.

Agogon tafki

Nan ne ainihin maganar take. Ƙasa na saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa. Ruwa ba haka yake ba, fuskar tafkin tana zama wajen digiri 24 zuwa 26 dare da rana. Daga wannan bambancin komai ya samo asali.

Da hantsi ƙasa ta fara gasuwa, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama. Iska mai sanyi ta taso daga kan ruwa ta cike gurbin, tana busawa zuwa tudu ta kowace kusurwa. A kan tafkin kansa iska saukowa take yi, kuma inda iska ke saukowa gajimare ba ya haɗuwa. Shi ya sa da azahar za ka tsaya a gaɓa ka ga sama garau a kan ruwa, ka waiwaya ta wajen Kampala ka ga fararen gajimare sun yi toroƙo kamar tulin auduga. Waɗannan ne ke zama hadarin la'asar a cikin ƙasa, irin wanda muka saba da shi.

Da dare lamarin juyawa yake yi. Ƙasa ta huce ta fi ruwa sanyi, iska ta kama hanyar komawa tafki. Daga gabas ma akwai ƙarin ƙarfi, domin iska mai sanyi na gangarowa daga tsaunukan Kenya. Duk waɗannan iskokin suna cin karo a tsakiyar ruwa mai ɗumi wanda ke ta fitar da tururi, ba su da wurin zuwa sai sama. Daga tsakar dare gajimare ke fara ginuwa, zuwa talatainin dare ya zama hadari mai tsawa da walƙiya, ƙarfinsa kan kai matuƙa tsakanin ƙarfe uku na dare da tara na safe. Iskar da ke can sama daga gabas take kaɗawa, sai ta tura hadarin yamma da arewa maso yamma. Wannan ne ya sa gaɓar yamma ta fi ta gabas jiƙa: tsibiran Ssese da garin Bukoba na Tanzaniya suna samun milimita 2,000 ko fiye a shekara, Mwanza da ke kudu kuwa kusan rabin haka. Entebbe na gefen da ke karɓa, kuma da yake ya shige cikin ruwa, agogon tafki yake bi.

Don haka ranar damina a garin tana da tsari da za a iya dogara da shi. Da asubar fari ka ji kwanon rufi ya ɗauka, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zuwa ƙarfe tara ko goma ya koma yayyafi, kafin azahar rana ta fito, jar ƙasa tana tururi, mata sun fito da shanya. Yinin da za a wuni ana marka ba tare da ganin rana ba kaɗan ne, ko a Afrilu. Wanda ya zo da tunanin gida, ya ce bari in yi sammako in gama harkata kafin hadarin yamma, ya yi lissafinsa a juye. A Entebbe sammakon ne ke jefa mutum cikin ruwa. Idan kuma ya jira ruwan safe ya ɗauke ya nufi Kampala, yana iya tarar da na can yana jiransa da la'asar, ya sha biyu a yini ɗaya.

Haka lamarin yake ga jiragen sama. Jirgin da zai tashi ko zai sauka tsakanin asuba da hantsi a watannin damina shi ya fi fuskantar jinkiri. Mai haɗa jirgi biyu, misali zai sauya a Nairobi ko Addis Ababa, ya bar tazarar awa uku zuwa huɗu a tsakani idan tafiyar ta faɗo a Afrilu ko Mayu ko Nuwamba. Ba ƙaramin abu ba ne hadarin safiyar tafkin: a ranar 6 ga Nuwamba 2022 wani jirgin fasinja ya faɗa ruwa yana ƙoƙarin sauka a Bukoba cikin ruwan sama da safe, mutum 19 suka rasu.

Wanda zai hau ruwa

Mafi yawan abin da ke kai mutum Entebbe yawo a kan ruwa yake. Tsibirin Ngamba, inda ake kula da birai masu kama da mutum waɗanda aka ceto daga hannun mafarauta, yana da nisan kilomita 23, minti 45 zuwa 50 a jirgi mai gudu, awa ɗaya da rabi a kwale-kwalen inji. Tsibiran Ssese guda 84 ne, babban jirgin da ke zuwa Kalangala, babban garinsu, yana tashi daga mashigar Nakiwogo, ya yi kamar awa uku da rabi a hanya. Ya saba tashi da ƙarfe biyu na rana ya dawo da takwas na safe, amma a tambaya kwana ɗaya kafin tafiya domin akan janye shi don gyara. Sai fadamar Mabamba a yamma da gari.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta taɓa ƙiyasta cewa mutum 3,000 zuwa 5,000 ke mutuwa a tafkin kowace shekara, akasarinsu masunta. Dalilin a fili yake: sana'arsu ta dare ce. Masu kamun mukene, wani ɗan ƙaramin kifi mai kamar azurfa da ake shanyawa a rana, suna fita ne da fitilu a daren da babu farin wata, su yi nisa da gaɓa, daidai sa'ar da hadari ke haɗuwa a kansu. Baƙo ba shi da hujjar shiga wannan kasadar, kuma kauce mata ba wuya.

Ƙaramin jirgi ya tashi bayan hadarin safe ya watse, wato daga ƙarfe tara ko goma, ya kuma dawo kafin huɗu. Bayan azahar iskar tafki na ƙara ƙarfi, igiyar ruwa na girma, dawowar takan fi tafiyar wahala. Kada a yarda da tafiyar da za ta kai magariba. A ikwaita duhu ba ya jira, minti ashirin da wani abu bayan faɗuwar rana gari ya rufe. Rigar ceto a sa ta a jiki a ɗaure igiyoyinta tun jirgi bai bar gaɓa ba, domin idan kwale-kwale ya kife babu mai samun sararin laluben ƙarƙashin benci. A ƙirga mutanen da ke ciki. Manyan haɗurran tafkin sun fi alaƙa da lodi fiye da kima: jirgin MV Bukoba a Mayun 1996 wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, da MV Nyerere a Satumban 2018 inda mutum 228 suka mutu. Jirgin da ya yi nauyi har ruwa ya kusa bakinsa, ƙaramar igiya ta ishe shi.

Alamar da ta fi muhimmanci a kan ruwa ita ce iska mai sanyi da ke bugowa ba zato bayan an yi ɗif. Wannan iskar daga cikin hadari take zubowa ƙasa ta bazu, tana riga ruwan sama isowa da 'yan mintuna, kuma ita ke kifar da jirage, ba ruwan saman ba. Kafin ta iso za ka ga wani baƙin layi yana tahowa a fuskar ruwa, bayansa farin kumfa. Matuƙin da ya san aikinsa yakan rage gudu ya fuskanci igiyar da goshin jirgi a ɗan karkace, ko ya fake a bayan tsibiri mafi kusa. Wanda ya ba igiya haƙarƙarin jirgi ya shiga uku. A yankin Ssese akan ga guguwar ruwa mai tashi sama kamar ginshiƙi, wadda mutanen wurin ke kira nsoke, tana kwashe rufin gidaje idan ta hau tudu. Masu hasashen yanayi na Yuganda suna fitar da hasashe na musamman domin tafkin, kuma matuƙan kirki suna duba shi a waya. Tambayar matuƙi ko ya ga hasashen yau ba raini ba ne.

Ga wani abin da ke ruɗar mutane. Watannin da aka fi ƙarancin ruwan sama ba lalle su ne watannin da tafki ya fi kwanciya ba. Daga Yuni zuwa Agusta iskar kudu maso gabas na kaɗawa da ƙarfi, tana ratsa faɗin tafkin gaba ɗaya, fiye da kilomita 200 babu abin da ya tare ta, ta tara igiya ta jibge a gaɓar arewa maso yamma inda Entebbe da Ssese suke. Sama garau, babu hadari, amma kwale-kwale na dukan ruwa, mai saurin amai na shan wuya. A Janairu da Fabrairu iska ta fi laushi, ruwan yakan kwanta da safe kamar faranti.

Kuma a kula da yadda ake faɗin lokaci. A harshen Luganda da Suwahili ana fara ƙirga sa'a ne daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya. Matuƙin da ya ce a haɗu da ƙarfe uku yana iya nufin tara na safe. A nuna masa agogo a tabbatar.

Mabamba ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Fadama ce ta dogayen ciyayin ruwa, an sanya ta cikin dausayin duniya masu kariya a 2006. Abin da ake zuwa gani wani tsuntsu ne mai ruwan toka, tsayinsa ya haura mita ɗaya, bakinsa kamar ƙaton takalmi, shi ya sa Larabawan Sudan ke ce masa Abu Markub. Yana tsayawa cak ba motsi har mutum ya ɗauka gunki ne, yana dakon gaiwa ta leƙo shan iska ya cafke ta. Sunan fadamar ma daga gaiwar ya fito, mamba suke ce mata. Da sanyin safiya aka fi ganinsa, ƙarfe bakwai zuwa tara, kuma wannan ita ce sa'ar hadari a damina. A rani matsalar ba ta cika tasowa ba. A Afrilu da Mayu kuwa sai dai a ware safiya biyu ko uku ana jiran wadda ta washe, ga hanyar ƙasa da ke zuwa can ta zama jar laka mai santsi wadda ƙaramar mota ba ta iyawa. Masu sha'awar tsuntsaye su sani cewa baƙin tsuntsaye masu gudun sanyin Turai suna cika gaɓar Lutembe, tsakanin Entebbe da Kampala, daga Oktoba zuwa Maris.

Shekarun da lissafi ke ɓaci

Babbar damina ba ta cika saɓa alkawari ba. Ƙaramar ce mai rikici, domin tana rataye ne da zafin Tekun Indiya. A shekarar da ruwan tekun ya fi ɗumi ta ɓangaren Afirka fiye da ɓangaren Indunusiya, tururi na kwararowa Gabashin Afirka, Oktoba zuwa Disamba su koma kamar Afrilu, wani lokaci har ruwan ya cinye ranin Janairu. Haka aka yi a 1961, da 1997, da 2019, da 2023. Wanda zai yi tafiya a ƙarshen shekara ya nemi hasashen kakar da ake fitarwa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba kafin ya sayi tikiti.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin daga sama yake faɗowa kai tsaye, ba koguna ke kawo shi ba, mafitarsa kuma ɗaya ce, Kogin Nilu a Jinja. Saboda haka idan aka jera damina biyu masu ƙarfi, tafkin cika yake yi ya daɗe bai sauka ba. A Mayun 2020 ma'aunin cikar tafki da ke Jinja ya nuna mita 13.42, ya zarce 13.41 na 1964. A Mayun 2024 ya kai 13.66. Rairayin gaɓa ya nutse, kasuwannin bakin ruwa da mashigun jirage suka shiga ruwa. A Afrilun 2020 ma wani tsibirin ciyayi da ruwa ya tumɓuke ya toshe madatsar lantarki ta Nalubaale, ƙasar gaba ɗaya ta faɗa duhu na ɗan lokaci. Ko a shekarar da ba ta da ambaliya, tafkin ya fi cika a Mayu da Yuni. Hoton masauki mai faffaɗan yashi a gabansa da aka gani a intanet zai iya zama na wata shekarar daban.

Abubuwan da damina ke zuwa da su

Wani lokaci za a hango kamar hayaƙi yana tashi daga tsakiyar tafki, a ɗauka jirgi ne ya kama wuta. Ƙwarin tafki ne, miliyoyinsu, sun ƙyanƙyashe lokaci guda. Sun fi fitowa a 'yan kwanakin farko bayan tsayuwar wata, musamman a watannin ruwa. Ba sa cizo, amma idan iska ta koro su gari suna rufe fitila da bango da abinci, da safe a share su da tsintsiya tuli-tuli. Maganinsu a kashe fitilun waje a rufe taga tun kafin magariba. Mai asma ya riƙe maganinsa kusa.

Nuwamba kuwa watan fara ne, har sunan watan a Luganda, Museenene, daga sunanta aka ciro shi. Nsenene doguwar fara ce siririya, kore ko ruwan ƙasa. Ana kama ta da dare: a jingina kwanon rufi a bakin ganguna, a haska manyan fitilu, ta bugi kwanon ta zame cikin ganga. A cire fiffike da ƙafafu, a soya ta da man jikinta da albasa da gishiri. Takan sake fitowa a Afrilu da Mayu. Bahaushen da ya san farar yaji ba ya bukatar a roƙe shi.

Sauro na ƙaruwa mako biyu zuwa huɗu bayan ruwa ya kankama, zazzaɓin cizon sauro kuma ya fi yawa bayan kowace damina, wato Mayu zuwa Yuli da Nuwamba zuwa Janairu. Zaman mutum a ƙasar sauro ba garkuwa ba ce, a kwana a gidan sauro. Ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara a filin jirgi, kuma allurar sai ta kwana goma take aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanka a tafkin kuwa a haƙura da shi a kowane wata. Akwai tsargiya a ruwan gaɓa, kuma irin ta can yawanci hanji da hanta take kamawa, ba ta nuna kanta da fitsarin jini irin wadda muka sani, mutum na iya ɗaukar ta watanni bai sani ba. Wanda ya riga ya shiga ruwan ya je gwaji bayan wata biyu zuwa uku.

Kaya ba sa bushewa da wuri saboda laima. Shadda mai kauri da aka wanke da yamma tana iya kwana biyu da danshi. A goge duk tufar da aka shanya a waje da dutsen guga mai zafi, har da na ciki, domin akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen kaya, tsutsarsa ta shiga fata ta yi maruru. Fararen kaya da jar lakar Yuganda ba sa shiri, musamman ga mai hawa boda-boda, wato acaɓarsu. Rigar sanyi mara nauyi guda ɗaya, rigar ruwa, hula mai baki, da rufaffen takalmi sun wadatar. Babbar hanyar da aka buɗe a 2018 tsakanin Entebbe da Kampala ba ta damu da ruwa ba, amma unguwannin Kampala na cikin kwari irin su Bwaise suna cika da ruwa cikin awa guda, cunkoso ya tsaya cik.

Agogon Yuganda na gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Rana na fitowa tsakanin 6:30 da 7:00, ta faɗi tsakanin 6:35 da 7:10, duk shekara. Mai azumi zai yi awa 13 da 'yan mintuna ko a wane wata Ramadan ya faɗo, cikin iska mai sanyi. Alƙibla kuma ba gabas take ba a can, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, kimanin digiri 18.

To, wane wata?

Ga wanda tafkin ne ya kawo shi, zai je Ngamba ko Ssese ko Mabamba, babu kamar tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Ruwan sama kaɗan ne, iska a kwance, tsuntsayen ƙaura suna nan, cunkoson hutun Kirsimeti ya wuce, farashin masauki ya sauko. Aibinsa shi ne ɗan hazo da ƙura da iskar arewa ke kawowa, wanda ga mutumin da ya san hunturu ba komai ba ne. Maris na shiga lissafi ya fara canzawa, daga tsakiyarsa babbar damina ta buɗe.

Ga wanda harkarsa a tudu take, taro ko rajistar makaranta ko wucewa zuwa gandun daji, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba ya fi daɗi. Yuli ne watan da ya fi sanyi, ƙasa kore shar bayan damina, hanyoyi sun bushe. Sai dai lokacin ne Turawa masu zuwa ganin goggon biri a dajin Bwindi ke cika gari, ɗakuna su yi tsada, a kama wuri da wuri. Idan za a hau ruwa a watannin nan, a zaɓi babban jirgi, a kuma tafi da hantsi. A kauce wa kwanakin da ke kewaye da 3 ga Yuni, ranar tunawa da shahidan Kiristocin Yuganda a Namugongo, domin jama'a na tururuwa daga ƙasashe da dama har da Najeriya, jirage da masaukai su cika.

Afrilu da Mayu su ne watannin rahusa, kuma ba a ce ba za a iya zuwa ba. Lambun tsirrai na Entebbe, wanda aka kafa tun 1898, bai taɓa yin kyau kamar a lokacin ba. Sharaɗin shi ne a mayar da duk wata fita zuwa bayan ƙarfe goma na safe, a ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan lissafi saboda abin da ruwa zai ɓata, kuma kada a kwana a tsibiri a daren da za a wayi gari a hau jirgin sama. Wanda ya kwana a Ssese yana da jirgin sama na ƙarfe huɗu na yamma ya ɗora tikitinsa ne a kan hadarin asuba. A dawo Entebbe kwana ɗaya kafin ranar tashi.